Na'urar gano bairos da haske

Wannan na'ura ce da ke kama ƙwayar bairos a kan wani ɗan falle na semikondakta, a kuma gane ta kamu daga canjin da haske ya yi. Semikondakta shi ne abin da lantarki ke ratsawa sama-sama, bai kai tagulla ba amma ya fi roba. Silikon ne ya fi shahara, shi ke cikin wayar hannu da farantin sola.

Ana shimfiɗa wa fuskar fallen sinadaran garkuwar jiki waɗanda ba sa riƙe komai sai ƙwayar da aka nufa. In aka ɗiga jini ko majina, ƙwayar ta maƙale, sai hasken da aka haska ya dawo da wani launi ko ƙarfi dabam, na'ura ta auna. Aikin na buƙatar natsuwa, domin girman bairos na mura kamar nanomita 100 ne, kusan kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai.

Leland Clark ne ya buɗe fagen irin waɗannan na'urori a 1962 da na'urar auna sukarin jini. A 1983 masana a Linkopin ta Suwidin suka nuna ana iya yin awon da haske, a 2009 kuma wasu a Jami'ar Sherbrooke ta Kanada suka maƙala bairos na mura a kan galiyom-asenaid, wani semikondakta da ke fitar da haske in an haska shi.

A asibitocin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, dangin na'urar na kusa shi ne tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro da na ƙanjamau, wanda layinsa ke fitowa cikin kamar minti 15. Dabarar kamun ɗaya ce, sai dai can ido ne alƙali, kuma ido ba ya ganin layin in ƙwaya ta yi kaɗan. Gwajin da ya fi wannan zurfi kuwa tafiya yake yi: samfurin shan-inna, alal misali, Ibadan ko Maiduguri ake kai shi. Wannan jiran ake fatan na'urar ta rage.

Har yanzu dai akasarinta tana ɗakin bincike. Zafi na lalata sinadaran garkuwar, wasu abubuwan cikin jini kan maƙale su ruɗa awo, shi kuma galiyom-asenaid ruwa na cin fuskarsa in ba a lulluɓe ta ba.