Tarihin Andy Warhol, Ɗan 'Yan Ci-rani da Ya Zana Gwangwanin Miya

Yau tarihinmu zai kai mu Amurka, wajen wani mai zane da har gobe ake gardama a kansa: gwani ne, ko kuwa ɗan kasuwa ne da ya iya talla?

An haifi Andy Warhol ranar 6 ga Agusta 1928 a birnin Pittsburgh, garin masana'antun ƙarfe a jihar Pennsylvania. Sunansa na yanka Andrew Warhola. Iyayensa talakawa ne da suka yi ƙaura daga wani ƙauye mai suna Miková, wanda yanzu yake cikin ƙasar Silobakiya. Uban leburanci yake yi, ya kuma rasu a 1942, Andy yana da shekara 13. Tun yana firamare wata cutar jijiya mai sa karkarwa ta kwantar da shi, ya shafe watanni a gado. A nan ya saba da yankan hotunan taurarin fim daga mujallu, uwarsa Julia kuma tana koya masa zane.

Ya yi karatun zane a kwalejin fasaha ta Carnegie, ya gama a 1949, sai ya tattara ya nufi New York neman abinci. Sama da shekara goma yana zanen talla, musamman na takalman mata na kamfanin I. Miller. Ya samu kuɗi sosai, har ya sayi gida, uwarsa ta biyo shi suka zauna tare. Amma manyan masu zane na lokacin ba su ɗauke shi nasu ba. A ganinsu mai zanen talla ɗan ƙwadago ne kawai, zane na gaske kuwa sai ya fito daga zuciya.

A watan Yuli 1962 ya ba su amsa. Wani ɗakin baje kolin zane mai suna Ferus a Los Angeles ya rataye zanensa 32, kowanne hoton gwangwanin miyar Campbell's ne. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, sunan miyar ne kawai ya bambanta, domin kala 32 kamfanin yake sayarwa a lokacin. Aka sa wa kowanne dala 100. Mutane suka yi ta dariya, har wani maƙwabcin shagon zane ya jera gwangwanayen gaske a tagarsa don ba'a. Kaɗan ne suka samu masu saye. Mai ɗakin, Irving Blum, ya sake tunani, ya karɓo waɗanda aka riga aka ɗauka, ya saye duka a kan dala 1,000, yana biya kaɗan-kaɗan. A 1996 gidan adana zane na MoMA da ke New York ya karɓe su a kan kimanin dala miliyan 15. Duk ɗan kasuwan da ke karanta wannan ya san abin da ake kira haƙuri da kaya.

To, me ya sa gwangwani? Warhol ya lura cewa a Amurka attajiri da talaka abu ɗaya suke saye a kanti, kuma kwalbar Coca-Cola ta shugaban ƙasa ba ta fi ta lebura daɗi ba. Wannan ne tushen salon da ake kira Pop Art, wato ɗauko abin da kowa ke gani kullum a talla, a jarida, a kan kanta, a rataye shi inda a da sai hotunan sarakuna da waliyyai.

Daga nan ya ajiye buroshi ya koma bugawa. Yakan ɗauko hoton da wani ya ɗauka, a fitar da shi a kan yadi mai ƙananan ƙofofi, a matsa fenti ta cikinsa, kusan yadda masu buga riguna da tutocin siyasa suke yi a kasuwanninmu. Da 'yar fim Marilyn Monroe ta mutu a watan Agusta 1962, ya buga fuskarta sau 50 a aiki guda, rabi da launi mai haske, rabi baƙi da fari yana dusashewa. Aikin yana Tate a Landan. Ni a ganina a nan ne masu cewa ba shi da zurfi suka yi kuskure, domin wanda ya kalli fuskar nan tana ɓacewa layi bayan layi ya san maganar mutuwa ake yi. Haka ya buga hotunan haɗarin mota da kujerar lantarki ta kisa. Daga baya ya yi Mao na Sin a 1972, da Muhammad Ali a 1977.

Wurin aikinsa ma Factory ya kira shi, wato masana'anta, kuma yaransa ne ke buga da yawa daga cikin ayyukan. Ƙofar a buɗe take ga kowa, har ranar 3 ga Yuni 1968 da wata marubuciya, Valerie Solanas, ta shigo ta harbe shi. Da ƙyar likitoci suka ceto shi. Bai sake samun cikakkiyar lafiya ba, tsoron asibiti kuma ya kama shi. Ya mutu ranar 22 ga Fabrairu 1987 bayan tiyatar matsarmama, yana da shekara 58. Sai bayan mutuwarsa mutane da yawa suka ji cewa mutumin nan na shagulgula yana yawan zuwa coci, yana kuma taimakawa wajen raba wa marasa gida abinci.

A watan Mayu 2022 an sayar da wani hotonsa na Marilyn a kan dala miliyan 195. Shekara guda bayan haka tsohuwar tambayar ta kai gaban Kotun Ƙolin Amurka: idan ka ɗauki hoton wani ka shafa masa launi, ya zama naka? Mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith ce ta ɗauki hoton mawaƙi Prince a 1981, Warhol ya yi aiki a kansa, gidauniyarsa kuma ta ba wata mujalla hayarsa ba da izininta ba. A watan Mayu 2023 alƙalai bakwai suka ba Goldsmith gaskiya, biyu suka ƙi.