Daga Dala 1 Zuwa Dala 206: Yadda Kuɗin Shiga Disneyland Ya Sauya

Idan aka buɗe akwatin tsofaffin takardu a gidaje da yawa na kudancin Kalifoniya, akan tarar da wani ɗan littafi da bai wuce tafin hannu ba, an yage mafi yawan shafukansa, saura biyu ko uku masu ɗauke da harafin A. Littafin tikitin Disneyland ne. Daga 1955 zuwa 1982 da shi ake shiga wannan wurin shaƙatawa, da shi kuma ake hawa lilo da jiragen wasan da ke ciki. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa aka ƙirƙiro wannan littafi, da dalilin da ya sa aka kashe shi, zai gane rigimar da ake yi yau a kan tsadar tikiti, musamman tikitin shekara, domin tambayar da kamfanin Disney yake juyawa tun shekaru saba'in da suka wuce ita ce: a ina ya fi dacewa a karɓi kuɗi, a bakin ƙofa ko a cikin gida?

An buɗe Disneyland ranar 17 ga Yulin 1955 a garin Anaheim, a kan fili mai eka 160 wanda a da gonakin lemo ne. Ginin ya ci dala miliyan 17, kuma Walt Disney bai da waɗannan kuɗi, sai da gidan talabijin na ABC ya zuba jari ya kuma tsaya masa wajen karɓar bashi. Kuɗin shiga dala 1 ne ga babba. Amma wannan dala ɗaya ƙofa kawai take buɗewa. Kowane abin hawa da nasa farashin, daga senti 10 zuwa sama, kuma a nan take ake biya. Iyaye suka fara ƙorafi cewa hannunsu bai fita daga aljihu tun safe har yamma. Cikin watan Oktoba na wannan shekarar aka fito da littafin tikiti: dala 2 da senti 50, ya haɗa da shiga da kuma hawa takwas, an kasa su A, B da C gwargwadon darajar abin hawan. Aka ƙara D a 1956. A 1959, da aka buɗe dutsen Matterhorn da jirgin ƙarƙashin ruwa da jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo ɗaya, aka ƙara E. Tikitin E ya yi suna har ya zama karin magana a bakin Amurkawa ga duk abin da ya kai matuƙa wajen daɗi. Sally Ride, mace ta farko Ba'amurkiya da ta je sararin samaniya a 1983, da shi ta kwatanta tashin kumbonsu.

Littafin yana da wata hikima da ba a cika lura da ita ba. Ba kuɗi kaɗai yake tarawa ba, yana rarraba jama'a. Tunda tikitin E ƙalilan ne a kowane littafi, dole mutum ya yi tsimi, ya hau babban abu sau biyu ko uku, sauran lokacin ya koma kan keken doki da ƙananan lilo. Saboda haka layi bai taruwa wuri guda. Kaka da ta rako jikoki, ba ta da niyyar hawa komai, sai ta biya kuɗin ƙofa kaɗai ta zauna a inuwa. Ragowar tikitin A da ake komawa da su gida kuwa, kuɗi ne da kamfani ya karɓa bai yi aikinsu ba.

A 1971, shekarar da aka buɗe Walt Disney World a Fulorida da kuɗin shiga dala 3 da senti 50, wani masanin tattalin arziki mai suna Walter Oi ya buga maƙala a mujallar Quarterly Journal of Economics a kan wannan batu, har ya sa sunan Disneyland a takenta. Abin da ya nuna shi ne, da a ce duk masu zuwa sha'awarsu ɗaya ce, abin da ya fi wa mai wurin riba shi ne ya sauke farashin kowane hawa zuwa iyakar abin da hawan ke ci masa, wanda bai taka kara ya karya ba, ya tattara ribarsa duka a bakin ƙofa. Amma mutane ba ɗaya ba ne. Akwai mai son hawa ashirin, akwai mai son uku. In aka tsawwala kuɗin ƙofa, na biyun ya koma gida. In aka sassauta, na farkon ya ci bulus. Duk sauyin da aka yi daga baya ƙoƙari ne na raba waɗannan mutane biyu, a karɓi daga kowa gwargwadon abin da zai iya jurewa.

Abokan hamayya ne suka fara karkata zuwa ƙofa. Six Flags a Teksas ta buɗe a 1961 da tsarin biya sau ɗaya ka hau duk abin da kake so, Magic Mountain da ke arewacin Los Angeles ta bi sahu a 1971. Disney ya daɗe yana jan ƙafa, sai a watan Yunin 1982 ya daina littafin gaba ɗaya. Tikitin yini a Disneyland ya zama dala 12, a Fulorida kuma dala 15 bayan buɗe EPCOT a watan Oktoba. An huta da buga takardu da ɗaukar masu yage su a kowace ƙofa. Amma an rasa abin da ke raba jama'a, kowa ya doshi manyan abubuwan hawa, layi ya yi tsawo, kuma wannan layin shi ne daga baya aka mayar haja.

A daidai wannan lokaci aka haifi tikitin shekara. A Fulorida ya fara a 1982 a kan dala 100, Disneyland ta biyo baya jim kaɗan. Lissafinsa a lokacin ko ɗan firamare zai yi: dala 100 a raba da 15, wanda zai zo sau bakwai a shekara ya fanshe kuɗinsa. Ga kamfani ma ciniki ne mai kyau, domin a farkon shekarun 1980 baƙi sun ragu, kuma ranar Talata a watan Fabrairu wurin kusan wayam yake. Ma'aikata suna nan, wuta tana ci, lilo yana juyawa ko da mutum ko babu. Maƙwabcin da zai shigo ya sayi abinci da tsaraba a irin wannan rana, duk abin da ya kashe riba ce.

A 1984 kamfanin ya sha da ƙyar daga hannun Saul Steinberg, ɗan kasuwar da ya yi yunƙurin saye shi, aka kawo Michael Eisner da Frank Wells su ja ragama. Abin da suka fara ganowa shi ne an daɗe ana sayar da tikiti da araha. Suka yi ta ƙari, daga dala 18 a Fulorida a 1984 zuwa kusan dala 30 kafin ƙarshen shekarun 1980, kuma jama'a ba su fasa zuwa ba. Wannan darasi ne ya zauna a kan duk shugabannin da suka biyo baya, har ƙarin farashi ya zama al'adar kusan kowace shekara. A watan Fabrairun 2015 tikitin Magic Kingdom ya haye dala 100 karon farko, ya kai 105.

Tikitin shekara kuwa nasararsa ce ta zame masa matsala. Tun da aka ba mazauna Kalifoniya damar biya wata-wata, talakan gari ya samu shiga, har masu nazarin harkar suka ƙiyasta cewa masu riƙe da shi a Disneyland sun kai wajen miliyan ɗaya. Ga waɗannan mutane wurin ya zama dandalin unguwa: a taso daga aiki a shiga a yi awa uku, a ga wasan wuta, a koma gida. To amma fili bai ƙaru ba. Iyalin da suka yi tanadin shekara biyu, suka hau jirgi, suka kama ɗaki a otal, sai su tarar da layin awa biyu cike da mutanen da, in aka raba kuɗinsu da yawan zuwansu, ba su biya rabin abin da baƙon ya biya ba. Kamfani ya gwada korar su da farashi. A watan Oktoban 2015 babban tikitin shekara ya kai dala 1,049. Ba su tafi ba. A watan Fabrairun 2016 aka kawo farashi mai bin yanayi ga tikitin yini: dala 95 a ranakun da babu cunkoso, 105 a matsakaita, 119 a ranakun hutu. Duk wanda ya taɓa shiga tasha ana jajibirin Sallah ya san wannan tsari, bambancin kawai shi ne a nan an rubuta shi a kalanda tun watanni kafin ranar.

Annobar korona ce ta ba kamfanin damar da bai da ƙarfin halin ɗauka da kansa. An rufe Disneyland daga tsakiyar Maris na 2020 har 30 ga Afrilun 2021, kuma a watan Janairun 2021, ƙofa tana rufe, aka sanar da soke tsarin tikitin shekara baki ɗaya. Shugaban lokacin, Bob Chapek, bai ɓoye ra'ayinsa ba: ya faɗa wa masu hannun jari cewa baƙon da ya zo daga nesa ya kwana biyar ko bakwai ya fi wa kamfani amfani a kan mai tikitin shekara. A watan Agustan 2021 aka dawo da tsarin da sabon suna, Magic Key, mataki huɗu daga dala 399 zuwa 1,399, da sharaɗin da ya sauya ma'anar abin gaba ɗaya, wato dole ka kama gurbi ta intanet kafin ka zo. A da abin da mutum ke saye shi ne damar shiga duk ranar da ya ga dama. Yanzu damar neman izinin shiga yake saye, kuma kamfani ne ya san gurabe nawa ya ware wa masu tikitin shekara a kowace rana.

Ba a yi wata uku ba aka je kotu. Wata mata da ta sayi mafi tsadar matakin, wanda aka tallata cewa babu ranar da aka haramta masa, ta nemi gurbi a watan Nuwamba ta tarar an rufe mata duk ranakun ƙarshen mako, alhali ana ci gaba da sayar da tikitin yini na waɗannan ranaku ga duk mai kuɗi a hannu. Shari'ar ta zama ta gayya a madadin duk masu irin tikitinta, kuma a 2023 Disney ya amince ya biya dala miliyan 9.5 ba tare da amsa laifi ba. Da aka raba wa mutum sama da 100,000, kowa ya tashi da kimanin dala 67, kuɗin da bai isa tikitin yini ɗaya ba. A ganina wannan shari'a ta fi duk ƙarin farashi muhimmanci a tarihin, domin ita ta nuna wa masu saye cewa adadin da ke jikin tikiti rabin labari ne.

Shi kuma layi, tun 1999 akwai FastPass, tsarin da ke ba mutum lokacin dawowa ya hau ba tare da dogon jira ba, kuma kyauta ne. A 2021 aka maye gurbinsa da Genie+, dala 15 a Fulorida, 20 a Kalifoniya, wasu manyan abubuwan hawa kuma aka ware su ana biya ɗaya-ɗaya. Wato tikitin E ya dawo ta bayan gida, a cikin waya, sai dai wannan karon a kan kuɗin ƙofa mai nauyi ake ɗora shi. Bob Iger, da ya dawo kan kujera a ƙarshen 2022, ya yarda a bainar jama'a cewa mai yiwuwa an wuce gona da iri wajen farashi. Duk da haka a watan Oktoban 2024 tikitin yini mafi tsada ya kai dala 206, babban tikitin shekara ya kai 1,749, aka kuma ƙaddamar da wani izinin tsallake layi da a lokacin ya kai dala 400 ga mutum ɗaya a yini, ban da kuɗin shiga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a shekarar kuɗi ta 2024 sashen wuraren shaƙatawa da jiragen ruwa da kayan tsaraba ya kawo kusan kashi 60 cikin 100 na ribar aikin kamfanin, a lokacin da talabijin ke ja da baya.

Masu kare kamfanin sukan ce kwatanta dala 1 da dala 206 zalunci ne, kuma suna da gaskiya, tunda dalar 1955 ta kai wajen dala 12 na yanzu kuma ba ta haɗa da hawa ba. Ma'aunin adalci shi ne 1982. Dala 12 na wancan lokaci sun kai kimanin dala 39 a 2024. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi a Kalifoniya, dala 3 da senti 35 a awa, aikin ƙasa da awa huɗu ya ishe shi tikiti. A 2024, da albashin dala 16 a awa, tikiti mafi araha na dala 104, wanda aka bari bai motsa ba tun 2019, yana cin awa shida da rabi, mafi tsadar kuma kusan awa 13.

Mai auna tikitin shekara a farashin 2024, in ya raba 1,749 da 206, zai ga ziyara tara ta fanshe shi. In ya raba da 104, sai ya zo sau 17. Wace ce amsarsa ya danganta da ranakun da zai iya zuwa da gaske, kuma ma'aikaci mai 'ya'ya a makaranta ranakun tsada ne kaɗai ke hannunsa, su ne kuma ƙananan matakan tikitin suka haramta. Sai ya ƙara da cewa ko babban matakin ma ba ya aiki a makonnin Kirsimeti, cewa gurbi yana iya ƙarewa, da kuma cewa in ya kama gurbi bai zo ba har sau uku cikin kwana 90, za a hana shi kama wani na tsawon kwana 30.