Tsaron Ran Ɗan Jarida a Shekarun Boko Haram: Kano da Kudancin Jigawa

A dokar ƙasa da ƙasa ɗan jarida farar hula ne, domin sashe na 79 na ƙarin Yarjejeniyar Jeniba na 1977 ya wajabta wa ɓangarorin da ke yaƙi su kare shi muddin bai sa hannu a faɗan ba. Sai dai waɗanda suka tsara wannan tanadi yaƙi mai sanannen fagen daga suka hango, alhali rikicin da ya dabaibaye arewacin Nijeriya tun daga 2009 a cikin unguwanni da kasuwanni aka yi shi, inda mai neman labari da mai riƙe da bindiga kan kwana a layi ɗaya.

A watan Oktoba na 2011 aka harbe Zakariyya Isa, ma'aikacin gidan talabijin na NTA, a Maiduguri, kuma Boko Haram ta ɗauki alhakin kisan bisa zargin yana yi wa jami'an tsaro leƙen asiri. Ranar 20 ga Janairu, 2012, lokacin da hare-haren Kano suka ci rayuka aƙalla 185, aka kashe Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels yana ƙoƙarin jin ta bakin waɗanda abin ya faru a idonsu, sannan a watan Afrilu aka tayar da bam a ofisoshin jaridar ThisDay a Abuja da Kaduna. Zakariyya sanin gidansa ne ya jawo masa, Akogwu kuwa hanzarin isa wurin da ƙura ba ta lafa ba.

Daga nan ne wakilai suka ƙirƙiro wa kansu dabarun da babu makarantar da ta koyar da su, domin hular kwano da rigar sulke, wato kayan kariyar da manyan kafofin Turai ke ba ma'aikatansu, ba su da wani tasiri ga mutumin da zai koma gida da magariba ya yi salla a masallacin unguwa. Sai aka riƙa cire sunan wakili daga kan labari, ana sakaya sunan mai ba da shaida, ana danganta hari ga 'yan bindigar da ba a tantance ba har sai wani ya fito ya ɗauki alhaki, katin shaidar aiki kuma ya koma cikin aljihu, ba a fito da shi sai a shingen bincike. Ta ɓangaren hukuma ma ba a tsira ba: a Fabrairun 2013 aka kama ma'aikatan gidan rediyon Wazobia na Kano bayan kisan masu allurar shan-inna, a Janairun 2019 kuma sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust na Maiduguri da Abuja saboda wani labari kan shirin kai farmaki.

Kudancin Jigawa ne ke nuna abin da wannan taka-tsantsan ya ci. Birnin Kudu da Gwaram suna kan hanyar da ta fito daga Kano ta Wudil ta nufi ƙasar Bauchi, amma wakilan kafofin labarai a Dutse suke zaune, kusa da gidan gwamnati da hedikwatar 'yan sanda. Da 'yan bindiga suka afka wa Gwaram cikin dare a Afrilun 2014, suka kai hari ofishin 'yan sanda da banki da kotu, akasarin abin da duniya ta ji ta waya aka tattaro shi, daga bakin hukuma da na mazauna garin da suka nemi a ɓoye sunansu. Babu mai hankalin da zai zargi wakilin da ya ƙi bin wannan hanya kafin gari ya waye, ga shi galibi babu inshorar rai, albashin ma bai taka kara ya karya ba. Amma mai binciken tarihi da ya buɗe jaridun wancan makon zai tarar da adadin mamata da sanarwar 'yan sanda, bayanin yadda mutanen Gwaram suka kwana kuwa ɗan kaɗan ne.