Sherlock Holmes da 'Yan Leƙen Asirin Nazi: Nazari a kan Finafinan 1942 zuwa 1943

Tsakanin 1939 da 1946, Basil Rathbone da Nigel Bruce sun fito a finafinai 14 a matsayin Sherlock Holmes da Dakta Watson. Biyun farko, na kamfanin 20th Century Fox, sun bar Holmes a zamanin Sarauniya Biktoriya. Sa'ad da kamfanin Universal ya karɓi ragamar a 1942, Amurka ta riga ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, don haka aka ɗauko shi aka dire a Landan ta zamanin Churchill, aka ɗora masa farautar 'yan leƙen asirin Nazi. Matsayar wannan maƙala ita ce, sauyin ya raunana labarin binciken, ya kuma bai wa 'yan kallo gurguwar fahimta game da cin amanar ƙasa.

Ƙashin bayan labarin bincike shi ne rashin sanin inda gaskiya take. Kowa abin zargi ne, kuma dalilin laifi yakan fito daga cikin gida: gado, kishi, tsohuwar gaba. Yaƙi kuwa ya riga ya raba duniya gida biyu tun kafin a kashe fitilar silima. A The Secret Weapon, Moriarty, babban abokin gaban Holmes, da kansa ya koma dillalin da ke neman sayar wa Jamus na'urar saita bam. A Sherlock Holmes in Washington na 1943, takardun sirri ne aka ɗauka a ɗan mitsitsin fim aka ɓoye cikin kwalin ashana, yana yawo daga hannu zuwa hannu. Dabarar tana da armashi, amma ɗan kallo ya san inda kayan suke tun da wuri, saboda haka tsere yake kallo fiye da warware ƙulli.

Inda matsalar ta fi zurfi shi ne The Voice of Terror, wanda John Rawlins ya ba da umarni a 1942. Wata murya ce daga rediyon Jamus ke sanar da ɓarna a Ingila daidai lokacin da ake aikata ta, abin da ke tuna wa mutane William Joyce, mai yi wa Nazi farfaganda ta rediyo, wanda aka yi wa laƙabi da Lord Haw-Haw. Holmes ya gano cewa maci amanar yana zaune cikin majalisar tsaron ƙasa, wato Sir Evan Barham. A nan fim ɗin ya kusa faɗin magana mai nauyi, sai kuma ya ja da baya: ashe Bajamushe ne da aka musanya da Barham na ainihi tun lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Ke nan an wanke manyan Ingila tas, laifi ya koma kan baƙo.

Tarihi bai goyi bayan wannan kwantar da hankali ba. A ƙarshen shekarar da fim ɗin ya fito, John Amery, ɗan ministan da ke kula da Indiya a gwamnatin Churchill, ya fara yi wa Nazi farfaganda ta rediyon Berlin, aka kuma rataye shi a Disamba 1945. A daidai lokacin, Kim Philby, wanda ya yi karatu a Kembirij, yana cikin hukumar leƙen asirin Ingila ta MI6 yana miƙa wa Tarayyar Sobiyet asirai. Babu ɗayansu da aka musanya. 'Yan gida ne na asali.

Wani zai ce ƙasar da ake yi wa ruwan bama-bamai tana bukatar ƙarfin gwiwa, kuma wannan uzuri ne mai ƙarfi da bai kamata a raina ba. Sai dai uzuri ba ya mayar da aiki mai rauni ya zama nagari. Shi kansa Universal ya sauya hanya bayan finafinai uku kacal, ya mayar da Holmes ga kisan gilla a tsofaffin gidaje da ƙauyuka masu hazo. The Scarlet Claw na 1944, wanda babu ɗan leƙen asiri ko ɗaya a cikinsa, ya fi ukun nan ƙarfin labari nesa ba kusa ba.