Fasali A Kan Rasuwar Goggo Da Abin Da Yat Tafi Tare Da Ita

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, ka sani dalilin wanga fasali shi ne rasuwar goggonmu, yayar mahaifinmu, wadda Allah Yak karɓi ranta a Anka. Ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu. Ran sadakar uku dangi sunka taru daga Gummi da Bukkuyum, sai wani yaro yac ce mini: "Baffa, mu daga ina kakanninmu sunka taso?" Dukkanmu munka dubi tabarmar da takan zauna. Babu ɗaya cikinmu da yak kai ga kaka na huɗu, alhali ita takan jera bakwai tana kaɗi, zare bai tsinke ba.

Don haka nake rubuta abin da na riƙe daga bakinta, haɗe da abin da masana sunka tabbatar, tsoron kada shi ma shi bi ta kushewa.

Ka sani ruwayar magabata ta ce farkon sarautar Zamfara a Dutsi ne, cikin ƙasar Zurmi, kuma cikin sarakunan farko har da mace, ita ce 'Yargoje. Goggo ba ta wuce wanga suna sai ta maimaita shi ga 'yan mata. Daga baya anka kafa Birnin Zamfara wajajen Isa, yay yi ƙarfi da kasuwa da dawaki. Gobirawa sunka shigo ƙasar da sunan baƙunci, anka ba su wurin zama da noma. Wajen shekarar 1764 Sarkin Gobir Babari yac ci birnin, yam mai da Alƙalawa mazauninsa. Zamfarawa sunka watse, sarakunansu sunka koma Kiyawa. In ta kawo nan sai ta ce: "Ɗana, ganuwa ta faɗi, amma wanda yas san sunan kakansa bai zama bawa ba."

Cikin wagga ƙasa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yay yi kamar shekara 5 shina wa'azi, tun wajen 1786. Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, jama'arsa ta sauka Sabon Gari, arewa da Anka, a 1805, cikin yunwa da wahala, kafin su wuce Gwandu. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Bayan ƙura ta lafa sarautar Zamfara taz zauna a Anka, inda take har yau. Duba laƙabin sarakunanmu: Sarkin Zamfara a Anka, Sarkin Mafara a Gummi, Sarkin Danko a Bukkuyum. Kowane laƙabi tarihi ne a dunƙule, mai warware shi kuwa dattijo ne. Turawa sunka ci Sakkwato a 1903, anka yanke jihar Zamfara a 1996, laƙaban suna nan, masu sanin ma'anarsu su ne ke ƙarewa.

Cikin yaran da ke tare da jama'ar Shehu a waccan tafiya akwai 'yarsa Nana Asma'u, wadda anka haifa wajen 1793. Ita ma goggo taz zama, domin 'ya'yan 'yan'uwanta sun hau gadon Sarkin Musulmi tana raye. Da ɗan'uwanta Muhammadu Bello yar rasu a 1837 tay yi masa marsiyya, haka mijinta Waziri Giɗaɗo da ƙawarta A'ishatu. Ta rasu a 1864, amma halayen waɗanda tay yi wa makoki suna hannunmu, don ta sa tawada. Tamu goggo ba ta riƙe alƙalami ba, mu da munka riƙe ba mu zauna gabanta da shi ba. Laifin namu ne.

Kada ka ce akwai lokaci. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma. Goggo ta yi kuka a shekarar, tac ce tsoho shi ya kamata shi riga yaro. Bayan nan ta'asar 'yan bindiga tat tashi ƙauyuka da yawa, tsofaffi sunka mutu nesa da kushewar iyayensu. In jika ya riga kaka, kaka kuma ya mutu a gudun hijira, wa za shi gaya wa na baya inda gonar gado take?

To, ya kai ɗan'uwa, in kana da goggo ko inna ko kawu da rai, ɗauki goro da takarda ka tafi gare su. Tambayi sunayen iyaye, da garin da anka taso, da wanda yar riƙe wa a shekarar yunwa. Da haka ake sada zumunta, da haka ake raba gado ba husuma, da haka addu'a ke samun sunan mai ita.

Allah Shi jiƙan goggo da magabatanmu, Shi haskaka kushewarsu, Shi kyautata namu ƙarshe. Amin.