Wa Ke Naɗa Alƙali? Darasi Daga Tarihin Kotunan Kano

Ran 24 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da ita kanta ta yanke a 1973, wanda ya ba mata damar zubar da ciki. Ko harafi ɗaya ba a taɓa ba a kundin tsarin mulkin ƙasar. Alƙalan ne su ka sauya. Shugaba Donald Trump ya naɗa uku tsakanin 2017 da 2020, rinjaye ya juya, shi kenan. Mai karatu zai ce, to mu ina ruwan mu? Ai kuwa da ruwan mu, domin tarihin birnin Kano ma ya nuna mai naɗa alƙali shi ke riƙe da rabin hukunci.

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, Sarki ne ke naɗa Alƙalin Kano, shi kan sa kuma ya na zaman shari'a a fada. Da Turawa su ka zo sai su ka bar kotunan a hannun En'e, illa dai sun hana jifa da yanke hannu. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai, wadda a 1947 ta rikiɗe ta zama SAS. Ilimi kam akwai shi, amma naɗi da tuɓewa na fada ne. Shi ya sa a shekarun 1950 'yan NEPU, mabiya Malam Aminu Kano, su ka yi ta kukan cewa ana amfani da kotunan alƙalai ana ɗaure su saboda siyasa.

A 1958 Gwamnatin Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, wanda ya share fagen dokar Final Kod ta 1960. Sashe na 232 na dokar ya haramta zubar da ciki, sai in don a ceci ran uwa, tare da ɗaurin da zai iya kai shekara 14. A 1962 Sheikh Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. Bayan juyin mulkin 1966 kuma sojoji su ka ƙwace kotuna daga hannun sarakuna. Yanzu, bisa tsarin mulkin 1999, gwamna ke naɗa Babban Jojin jiha da Alƙalin Alƙalai, bisa shawarar majalisar shari'a ta ƙasa, wato NJC, majalisar dokoki ta tabbatar. Ka ga kenan alƙalamin naɗi ya tashi daga fada ya koma gidan gwamnati.

To me ya haɗa wannan da cikin mace? Ba za mu yi nisa ba, mu leƙa maƙwabta. A 2000, shekarar da Kano ta ƙaddamar da Shari'a, Katsina ma ta yi. A Maris 2002 kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa saboda ta haihu ba ta da aure. A Agusta kotun Funtuwa ta tabbatar. Amma ran 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, alƙalai huɗu su ka rinjayi ɗaya. Cikin hujjojin su har da mas'alar kwantaccen ciki, wato a mazhabar Malikiyya ana iya jingina cikin bazawara ga tsohon mijin ta har shekara biyar. Mazhaba ɗaya, littattafai ɗaya, amma a wannan zaure mutuwa, a wancan rayuwa!

Mu a nan ba a kamfen da batun zubar da ciki kamar Amurka; addini da al'ada sun riga sun yi magana. Sai dai wadda ta san cikin ta zai iya zama shaida a kan ta, tsoro kan kai ta hannun ɗan kemis ko mai jiƙe-jiƙe a ɓoye, wani sa'in ta rasa rai. Likita ma kan yi ɗari-ɗari da mai zubar jini in bai san yadda alƙali zai fassara ceton rai ba.

Mu 'yan fim mun ɗanɗana. A Disamba 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, sai a 2009 Babbar Kotu ta rushe hukuncin. A 2023 Mai Shari'a Dije Aboki ta zama mace ta farko Babbar Jojin Kano, an yi ta barka. Madalla. Amma duk ran da ka ji rediyo ta ce an rantsar da sababbin alƙalai, kada ka murɗa tasha. Tambayi ina su ka yi karatu, wa ya kawo sunan su, kuma wa su ke jin tsoro bayan Allah. Wata rana 'yar ka ko ƙanwar ka ce za ta tsaya gaban su. Allah ya ba mu masu adalci, amin.