Tarihin Tseren Paris-Dakar a Nijar da Rawar Motocin Jamus

Paris-Dakar tsere ne na motoci da babura da manyan motocin kaya, wanda Bafaranshen nan Thierry Sabine ya ƙirƙiro. An fara shi ranar 26 ga Disamba 1978 daga birnin Paris, aka kammala a Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Ababen hawa 182 suka tashi, 74 kaɗai suka isa. Tun a wannan karo na farko hanyar ta ratsa Nijar: daga Tamanrasset ta Aljeriya aka gangaro Agadas, daga nan zuwa Yamai, sannan aka nufi Gao ta ƙasar Mali. Shekaru kusan ashirin da suka biyo baya, sunayen Dirku da Bilma da Agadas da Damagaram sun zama sanannu a gidajen Turai albarkacin talabijin, kuma a kan rairayin Nijar ne motocin Jamus suka yi wasu daga cikin nasarorin da har yau kamfanoninsu ke tinƙaho da su. Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, a tseren juriya aikin da ake yi a bayan direba ne ke kawo nasara, kuma a Nijar ƴan ƙasa sun ɗauki wani kaso na wannan aiki ba tare da sun mallaki komai a cikin tseren ba.

Jamusawa sun fahimci wannan ƙa'ida tun da wuri, kuma ba a hamada suka koye ta ba. A garin Le Mans na Faransa ana yin tseren awa 24 tun 1923, inda mota ke zagaye fili dare da rana, direbobi na karɓeɓeniya, wanda ya fi cin nisa shi ne gwani. A can ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ke sayen mota daga kamfanin Porsche su gyara ta da hannunsu, sun sha ba manya mamaki. A 1979 garejin ƴan'uwa biyu, Erwin da Manfred Kremer na birnin Kolon, ya lashe tseren da Porsche 935 wadda suka sake wa fasali. Ƙungiyar Reinhold Joest, wadda aka kafa a 1978, ta ci a 1984, ta sake ci a 1985 da mota guda ɗin nan, Porsche 956. Nasarar 1985 ta fi ɗaukar hankali, domin a wannan shekara motocin kamfanin Porsche kansa suna fili, kuma Joest ya sha gabansu saboda ya fi su iya tattalin man da doka ta ƙayyade wa kowace mota. Motocin ɓangarorin biyu duk ƙirar Porsche ne. Abin da ya bambanta su shi ne lissafi da tsari da saurin hannun makanikai.

Mutumin da ya ɗauko wannan ilimi daga Le Mans ya kawo shi hamadar Tenere shi ne Jacky Ickx, ɗan ƙasar Beljiyam, wanda ya ci Le Mans sau shida. Kafin ya ci Dakar, ƙaramar motar soja ta Volkswagen mai suna Iltis ta riga ta ci Dakar a 1980, baburan BMW kuma sun ci a 1981 a hannun Hubert Auriol. A 1983 Sabine ya shigar da tseren tsakiyar Tenere karo na farko, guguwar rairayi ta taso, ƴan tsere wajen arba'in suka ɓace, aka yi kwanaki ana nemansu ta sama kafin a tattaro su duka da rai. A wannan shekara Ickx da abokin tafiyarsa Claude Brasseur suka zo na ɗaya da Mercedes 280 GE. Daga nan ya shawo kan Porsche su gwada abin da mutane da yawa suka ɗauka wauta ce, wato a sa motar kwalta ta ƙawa a cikin rairayi. A 1984 aka kawo motoci uku samfurin 953, wato Porsche 911 da aka ɗaga ta aka sa mata jan ƙafa huɗu, René Metge da Dominique Lemoyne suka ci, Ickx ya zo na shida. A 1985 sababbin motocin 959 guda uku duk suka lalace a hanya. A 1986 aka dawo da shiri, Metge ya zo na ɗaya, Ickx na biyu. Abin lura shi ne mota ta uku: injiniya Roland Kussmaul ke tuƙa ta, aikinsa shi ne ya biyo bayan sauran biyun domin agaji idan sun samu matsala, kuma duk da haka ya zo na shida. A bayansa akwai manyan motoci ɗauke da tayoyi da kayan gyara, da makanikai waɗanda ke kwana suna kwance mota suna ɗaurawa a sansanin Agadas ko Dirku yayin da direbobi ke barci.

To amma kayan gyara ba sa nuna hanya. Tsakanin Agadas da Bilma akwai tafiyar fiye da kilomita 500, mafi yawanta babu itace, babu dutse, babu wata alama sai rijiyoyi jefi-jefi. Itacen ƙaya guda ɗaya da matafiya ke dogaro da shi, wanda ake kira Itacen Tenere, wata babbar mota ta kaɓe shi a 1973, kuma gangar jikinsa tana ajiye yanzu a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Har farkon shekarun 1990 babu na'urar tauraron ɗan Adam a motocin tsere. Kamfas ne da littafin hanya. Wannan littafi kuwa sai an yi watanni ana bin hanya kafin a rubuta shi, kuma masu sanin inda rairayi ke cin mota da inda ƙasa ke da tauri su ne Abzinawa da Tubawa, zuriyar mutanen da suka daɗe suna kai ayarin gishiri Fashi da Bilma. Tseren kansa ya yi kama da ayari: ana yabon raƙumin da ya fara isa, amma madugu ne ya kawo kowa. Wanda tarihi ya riƙe sunansa a cikin waɗannan mutane shi ne Mano Dayak, mai kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages a Agadas, aminin Sabine, wanda ya taimaka masa wajen shirya ratsa arewacin Nijar. Sauran, wato ƴan jagora, direbobin da suka kai gangunan mai zuwa yankin Kawar, sojojin da suka tsare hanya, masu walda da faci na Agadas, ba su cikin jerin sunayen da ake bugawa.

Mai ja da wannan magana zai ce an cika gishiri: injiniyoyin Jamus ne suka ƙera 959, da kuɗin kamfanin taba na Rothmans, kuma da a wata hamada aka yi tseren ma da sun ci. Gaskiya ne babu ɗan Nijar da ya ƙera injin. Sai dai darajar nasarar ta fito ne daga wuyar wurin. Porsche ta riga ta ci manyan tsere da dama a kan kwalta. Abin da take nema a 1984 shi ne shaidar cewa sabon tsarinta na jan ƙafa huɗu zai jure inda ya fi ko'ina tsanani, kuma Tenere ce ta ba da wannan shaida. Ƙasar da ta ba da filin gwajin, ta ba da mutanen da suka sa aka ratsa shi lafiya, tana da hannu a sakamakon ko da ba a rubuta ba.

Hujja ta biyu ta masu ja ta fi ƙarfi, kuma mutanen Agadas da kansu sun sha kawo ta. Suna cewa tseren ya kawo kuɗi: ranar da ayarin ya sauka, masu masauki da maƙeran azurfa da dukawa da masu abinci suna yin cinikin da ba su saba yi ba, kuma hotunan Abzin da aka nuna a Turai sun jawo baƙi masu yawon buɗe ido a sauran watannin sanyi. Wannan ba abin musu ba ne, kuma duk wanda ya raina shi bai san yadda rayuwa ta yi tsanani a arewa bayan farin 1984 ba. An kuma yi ayyukan taimako, kamar famfunan ruwa da mawaƙin Faransa Daniel Balavoine ya zo rakiyar rabawa a ƙauyuka. Amma ciniki na kwana biyu daban yake da mallaka. Kuɗin shiga tseren da na talla da na talabijin duk a Paris ake karɓarsu, a can ake zana hanya, a can ake yanke shawarar inda za a bi baɗi. Haɗari kuwa a nan yake sauka. An buge mutane a ƙauyukan Sahel, ciki har da yara, har a 1988 jaridar fadar Paparoma ta soki tseren da kakkausar murya. A wannan shekarar ce kuma wata babbar motar DAF ta kife a Tenere tana tsananin gudu, ɗaya daga cikin mutanenta, Kees van Loevezijn, ya rasu.

Yadda tseren ya bar Nijar shi ya fi bayyana wanda ke da iko da shi. Sabine ya rasu ranar 14 ga Janairu 1986, a zangon da ya tashi daga Yamai, lokacin da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a Mali, tare da Balavoine da wasu mutum uku. An watsa tokar gawarsa a gindin wani itace a Tenere wanda yanzu ake kira da sunansa. Tawayen Abzinawa da ya ɓarke a 1990 ya nisanta tseren daga arewa, Mano Dayak ya zama ɗaya daga cikin jagororinsa, kuma ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 15 ga Disamba 1995, watanni bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu. Filin jirgin saman Agadas sunansa yake ɗauke da shi. A 1997 aka dawo da tsere daga Dakar zuwa Agadas a koma Dakar, kuma a cikinsa Bajamushiya Jutta Kleinschmidt ta zama mace ta farko da ta ci zango. Ita ce daga baya ta lashe tseren gaba ɗaya a 2001. Sai Janairun 2000, makonni kaɗan bayan rantsar da Shugaba Tandja Mamadou. Ayarin ya iso Yamai a kan hanyarsa ta zuwa Alƙahira, aka samu gargaɗin cewa ƴan bindiga na shirin kai hari a arewa, masu shirya tseren suka soke zangunan da suka rage a Nijar. Aka ɗauko manyan jiragen Antonov 124, aka yi kwanaki ana lodin motoci da babura daga filin jirgin Diori Hamani zuwa Sabha ta Libiya. Damagaram da Agadas da Dirku, waɗanda suka yi tanadin baƙi, ba su ga kowa ba. Ba za a zargi mai tseren da ya kare rayukan mutanensa ba, amma shawarar ba a hannun Nijar take ba, asarar kuwa ta faɗa kan mutanenta. Tseren bai sake shiga ƙasar ba. An soke na 2008 bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya, aka koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Ƙungiyar Jamus mai zaman kanta da ta fi kowace nasara a Dakar, wato X-raid ta Sven Quandt, an kafa ta ne a 2002 a garin Trebur, ta kuma ci tseren sau huɗu a jere daga 2012 zuwa 2015 da motar Mini, ta ƙara a 2020 da 2021. Duk waɗannan nasarori a wajen Afirka aka yi su. Motar 959 da ta ci a 1986 tana cikin tarin gidan tarihin Porsche a Stuttgart, da cikakken bayanin waɗanda suka ƙera ta da waɗanda suka tuƙa ta. Ƴan jagora da direbobi da makanikan da suka yi wannan aiki a Agadas da Kawar sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. A Yamai akwai cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka, akwai kuma cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni. Ya kamata su aika masu bincike arewa su naɗi bayanan waɗannan dattawa da Hausa da Tamajak da Tubanci tun suna raye.